Inda zaren haske ke tsinkewa: littafin aikin ɗakin duhunmu a Tawa

Asabar, 2 ga Nuwamba 2024

Yau darakta ya ba mu mabuɗin tsohuwar magazar da ke bayan ajujuwa, wadda karyayyun tebura da buhunan simintin da ya daskare suka cika. Mu goma sha ɗaya ne, ni da ɗalibai goma, yawancinsu ƴan terminal, wato ajin ƙarshe na sakandare. Mun yi ta kwasar tarkace har aka kira azahar. Daga taga zuwa bangon da ke fuskantarta mita 3 ne cif. Sau biyu na auna da mitar kafinta, domin duk lissafin da za mu yi nan gaba a kan wannan tazarar zai hau. Tagar ɗaya ce, tana duban gabas.

Shekara takwas ke nan ina ja wa yara miƙaƙƙen layi a allo, in ɗora masa kan kibiya, in ce ga haske yana tafiya. Bara wata yarinya, ƴar wani tela, ta ɗaga hannu ta ce, "Mushe (haka ɗalibai ke kiran malami, daga Faransanci), in aka sami rami ƙarami ƙwarai, ana iya zaro layin nan guda ɗaya tak a gan shi?" Na ba ta amsar littafi, na ce ba ya yiwuwa. Ta yi shiru, amma na ga a fuskarta don ladabi ta karɓa. Ita ce ta jawo sauran zuwa wannan aikin. Muna so mu ga da idonmu inda layin nan yake faɗin gaskiya da inda yake fara kuskure.

A aji da Faransanci muke karatu, muna kiransa reyon. A nan ɗakin mun ce da Hausa za mu yi gardama. Wani ya kawo kibiya, wani tsirkiya, ƴar tela ta ce zare, tun da ana iya ɗaure shi tsakanin ƙusa biyu ya miƙe sambal. Zaren haske ya ci.

Asabar, 9 ga Nuwamba 2024

Ashe yin duhu aiki ne. Mun toshe taga da kwali ninki biyu da baƙar leda, muka rufe ƙofa, sai ga rufin kwano cike da ramukan tsofaffin ƙusoshi kamar taurari. Wuni guda muka ɓata muna liƙe su da tsumma da kwalta. A tsakiyar kwalin taga mun yanke rami mai faɗin santimita 2.

Minti biyar na farko ba a ga komai ba, yara har sun fara dariya. Da ido ya saba, sai bango ya fara magana: dogon yaron tsakar makaranta da rassansa a ƙasa, sama shuɗiya shimfiɗe kusa da daɓe, wani yaro ya wuce a keke kansa a ƙasa, tayoyi a sama. Na kira Baba maigadi ya shigo. Ya daɗe yana kallo, ya ce, "Malam, wanga siddabaru mi ne ne? Ina injin yake?" Na ce, "Baba, babu inji, rami ne kawai." Bai yarda ba sai da ya sa yatsa ya toshe ramin da kansa, ya buɗe, ya sake toshewa.

Bayanin ba ya buƙatar komai sai zarenmu. Hasken da ya taso daga saman itace ya bi ta rami a miƙe, dole ya sauka ƙasan bango. Wanda ya taso daga gindi ya hau sama. Mun ɗaure zaren ɗinki na gaske daga bakin ramin zuwa wurare uku a bango don a ga yadda suke giciye. Na ba su labarin Hasan Ibnul Haisam, haifaffen Basara wajen shekarar 965, wanda ya rubuta Kitabul Manazir a Alƙahira tsakanin 1011 da 1021. Kafin shi manyan masana irin su Euclid da Ptolemy sun tafi a kan cewa ido ne ke fitar da wani abu ya je ya taɓo abin da ake kallo. Shi ya kafa hujja cewa hasken ne ke shigowa ido daga waje. Na yi zaton wannan tsohuwar magana ce da ta mutu, sai ga uku cikin yaran sun dage cewa idon kyanwa yana fitar da wuta da dare. Na ce su kawo kyanwa ɗakin nan mu rufe ƙofa. Har yanzu ba a sami mai kamo ta ba.

Laraba, 13 ga Nuwamba 2024

Bayan magariba mun maimaita gwajin fitilu na Ibnul Haisam da tocila uku a waje. Ɗigo uku suka fito a bango. An rufe ta dama, ɗigon hagu ya ɓace, sauran biyu ko gezau. Haske uku sun bi ƙofa ɗaya ba wanda ya ture wani.

Asabar, 23 ga Nuwamba 2024

Ranar auna rana. Mun aro madubin babur, muka kafa shi a waje yana turo hasken rana ta rami mai milimita 3 zuwa bango. Da'ira ta fito, faɗinta ya ɗan haura santimita 3. In aka cire faɗin ramin, saura kusan 2.8. Raba mita 3 da wannan, ka sami wajen 107. Nisan rana kilomita miliyan 150 ne, ka raba da 107 ka sami kilomita miliyan 1.4, kuma faɗin rana ke nan a littattafai. Da madubin babur da zaren tunani. Yaron da ya yi lissafin a allo ya juyo yana dubana kamar na yi masa wayo.

Abin da ya fi burge su shi ne da muka yanke ramin ya zama mai kusurwa uku, hoton ya ƙi canzawa, yana nan da'ira. Muka fita ƙarƙashin dogon yaro na nuna musu ɗige-ɗigen hasken da ke ƙasa, duk kewayayyu, alhali ba wani rata tsakanin ganye da yake kewayayye. Kowane ɗigo hoton rana ne. Ina ɗan makaranta lokacin husufin ranar 29 ga Maris 2006 da ya ratsa Nijar, na tuna yadda ɗigon nan duk suka koma kamar jinjirin wata a ƙasan itace, tsofaffi suna salati, mu yara muna tsugune muna ƙirga su.

Asabar, 30 ga Nuwamba 2024

Na sayo leza biyu, ƴan fitilu masu harba siririn haske, a kasuwar Lahadi, irin jajayen nan na maƙalin mabuɗi da yara ke wasa da su. Doka ta farko, na rubuta ta a ƙofa: ba a nuna ta ga idon kowa, ko da wasa. Wata ɗaliba ta kawo kasko da turaren wuta na mahaifiyarta, hayaƙi ya cika ɗaki, jan layi ya fito fili daga wannan bango zuwa wancan. Ƴar tela ta ce, "To Mushe, ga shi nan, zare guda." Na ce ta auna kaurinsa. Milimita 3 zuwa 4. Igiya ce wannan, ba zare ba, kuma tambayarta tana nan ba a amsa ba.

Sauran ranar mun yi ta da ruwa a cikin farar roba, da ɗan garin madara kaɗan don a ga hanyar hasken. Karyewar da yake yi a bakin ruwa ta bi doka daidai, ma'aunin yadda ruwa ke karya haske ya fito kusa da 1.33. Da muka harbo daga ƙasa muna karkatawa, wajen digiri 49 hasken ya daina fita, ya dawo ciki kamar saman ruwan ya zama madubi. Littafinmu yana kiran dokar da sunan Snell da Descartes, na 1621 da 1637. Ban ga laifin ambatonsu ba, amma na ƙara musu da Ibn Sahal, wanda ya zana wannan dangantaka a Bagadaza wajen 984 cikin rubutunsa kan madubai da gilasan da ke tara rana su ƙona abu.

Wani yaro ɗan Badagishiri ya kawo maganar ƙawalwalniya, ruwan ƙaryar da ake hangowa a kan kwalta in an ɗauki hanyar Ƙonni da rana tsaka. Ya ce ai nan haske bai miƙe ba, ashe zare ya faɗi. Tambaya mai kyau, amma zare bai faɗi a nan ba. Iskar da ke dab da kwalta ta fi zafi, ta fi sakwat, sai hasken sama ya lanƙwaso a hankali ya hau zuwa ido, ka ga sama a ƙasa ka ɗauka ruwa ne. Zaren ya tanƙwara, bai tsinke ba. Ina so su gane girman abin kafin mu fara neman aibinsa: tabarau, kyamarar salula, fitilar mota, duk da wannan lissafin ake tsara su. Abdou Moumouni Dioffo, haifaffen Tasawa a 1929, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, rayuwarsa ya ba wa aikin makamashin rana, kuma mai tara rana da madubi ya dafa abinci da wannan zaren yake aiki.

Asabar, 14 ga Disamba 2024

Yau ba mu ci nasara ba. Niyyarmu mu yi ta rage ramin taga har mu ga inda hoto zai daina kyau. Mun huda takardar alminiyom: milimita 20, 10, 5, 2, sannan tsinin allura. Daga 20 zuwa 5 hoton yana ƙara fitowa tsaf, har ana ƙirga tubalan katanga. Amma duk rabin da ka rage a faɗin rami, hasken kashi ɗaya cikin huɗu yake komawa. A milimita 2 da ƙyar muke ganin inuwar itace. A tsinin allura, duhu ƙirin.

Na ce musu a lissafin da Lord Rayleigh ya fitar a 1891, ramin da ya fi dacewa da ɗaki mai zurfin mita 3 yana wajen milimita 2.4, ƙasa da haka hoto sake dagulewa yake yi. Ɗan mai walda, wanda ba ya barin magana ta wuce, ya ce, "Mushe, ka yi haƙuri, mu ba mu ga ya dagule ba. Mun ga ya dushe. Dushewa kuwa zare ma ya faɗe ta." Gaskiyarsa. Na ji zafin abin a raina, don na so in burge su, amma da na tilasta musu su ce sun ga abin da ba su gani ba, da na rushe duk aikin wata ɗaya da rabi. Mun tashi a kan cewa zare yana kan gaba.

Asabar, 21 ga Disamba 2024

Dabarar ta zo ne daga wajen wanzami. Ina zaune ana yi mini aski na ga reza, na tuna babu abin da ya kai bakinta miƙewa a cikin kayan da muke iya saye. Reza biyu a kan gilashi, baki da baki, sun ba mu tsaga. Matsalar auna faɗin tsagar kuma ƙunshin takardar ofis ya warware ta: takarda 500 kaurinsu santimita 5, ke nan kowace ɗaya milimita 0.1. Sai ka sa takarda tsakanin rezojin, ka matse, ka liƙe, ka zare takardar.

Mun kafa leza a bakin taga, farar takarda a bangon can. Na sa kowa ya rubuta hasashensa tukuna. Tara cikin goma suka rubuta abin da zare ya ce: in tsaga ta ƙara matsewa, ɗigon bango zai ƙara sirancewa. Da tsagar takarda ashirin, wato milimita 2, haka aka gani, ɗigon ya ɗan rage. Da takarda biyar, maimakon rabin milimita, sai ga haske mai faɗin milimita 8, da ƙananan ɗigo dama da hagu. Da takarda biyu, milimita 19. Da takarda ɗaya, milimita 35, ya baje a kwance kamar an ja jan alli, da duhu-duhu a jere a gefensa biyu.

Ɗakin ya yi tsit. Ɗan mai walda ya ce a sake, ko rezar ce ke walƙiya tana watsa hasken. Muka shafa wa bakin rezojin baƙin hayaƙin kyandir, muka sake. Bai canza ba. Ƴar tela ce ta faɗi maganar da na kwafe a littafina: "Ashe in ka matse shi, gudu yake yi gefe." Amsar tambayarta ta bara ke nan, kuma ba ni na ba ta ba. Duk ƙoƙarin da za ka yi ka tace zare guda, hasken bajewa zai yi, kuma iya matsi iya bajewa.

Sai yanzu na yarda na kawo maganar igiyar ruwa. Jefa dutse a tafki, igiyar da ta isa wata ƴar kafa a jikin shinge ba ta wucewa a miƙe, buɗewa take yi a bayan kafar. Inda tudun wata igiya ya haɗu da kwarin wata, ruwa ya kwanta. Haske ma haka yake tafiya, kamar igiyar ruwa. Wuraren da ya kwanta su ne duhu-duhun da muka gani, haske a kan haske ya ba da duhu. Wani limamin Kirista a Bolonya ta Italiya, Grimaldi, shi ya fara bayyana wannan bajewar, littafinsa ya fito a 1665 bayan rasuwarsa, kuma daga gare shi kalmar difraksiyon ta samo asali. Tsawon zangon jar leza irin tamu, wato tazara daga tudun igiya zuwa tudu na gaba, nanomita 650 ne (nanomita miliyan ɗaya ke yin milimita guda). A ninka shi da mita 3, a ninka biyu, a raba da milimita 0.1, lissafi ya ba da milimita 39. Mu 35 muka samu. Ina ganin tsagar ta ɗan buɗe lokacin zare takarda, milimita 0.11 ta isa ta kawo wannan bambancin.

Laraba, 8 ga Janairu 2025

Mun dawo hutu hunturu ya kankama. Kwana uku hazo ya rufe gari, rana ta koma kamar faifan azurfa, hoton bangonmu ya zama toka-toka. Ba a yi gwaji ba, kowa na tari, sai muka zauna a bakin ƙofa da shayin Baba muna duban sama. Me ya sa take shuɗiya bayan ruwan sama, yau kuma fara fat? Zare ba shi da ta cewa a nan, domin shi bai san launi ba, bai san girman abin da ya ci karo da shi ba. Ƙwayoyin iska sun fi zangon haske ƙanƙanta nesa ba kusa ba, suna watsa shuɗi wajen ninki biyar fiye da ja. Rayleigh ya yi wannan lissafin a 1871. Ƙurar hunturu kuwa, wadda kaso mai yawa nata daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi iska ke kwaso ta, ƙwayoyinta sun kai zangon haske ko sun fi shi, suna watsa kowane launi kusan daidai, shi ya sa fari. Wannan kuma Gustav Mie ne ya warware shi a Jamus a 1908. Baba ya ce shi dai abin da ya sani, in hazo ya yi yawa mangwaro zai yi ƴaƴa.

Asabar, 18 ga Janairu 2025

Ranar gashi. Siririn abu da ya tare haske yana ba da jerin ɗigo irin na tsaga mai faɗinsa, don haka ana iya auna kaurin gashi da mitar kafinta. A ɗakinmu lissafin ya zo da sauƙi: raba 1.95 da tazarar da ke tsakanin duhu da duhu a milimita, ka sami kaurin a milimita. Gashin wani yaro ya ba da tazarar 26, wato kauri 0.075. Gashin wutsiyar doki da Baba ya samo mana ya ba da 12, wato 0.16. Ƴan matan sun ƙi ba da nasu sai da aka fitar da mazan waje, suka auna da kansu, suka ƙi faɗin na wace ce ya fi kauri. Sun lura da wani abin da ni ban shirya ba: in aka murza gashin, tazarar tana canzawa. Gashinmu ba kewayayye ba ne kamar waya, yana da ɗan faɗi ta gefe ɗaya, lezar kuma ta tona shi.

Da za mu tashi, ɗaya daga cikinsu ta ɗaga gyalenta ta dubi fitilar titi ta cikinsa, ta ga fitilar ta rabu gida-gida kamar dara. Haka wani Ba'amurke, Francis Hopkinson, ya gani ta cikin hankicin siliki a 1785, ya rubuta wa David Rittenhouse yana neman bayani. Na ce mata gyalen nan ya shiga kayan aiki, ta ce sai dai in biya.

Asabar, 25 ga Janairu 2025

Yau allo kawai. Tambayar ɗan mai walda ce: to yaushe za a yarda da zare, yaushe za a ajiye shi? Na ga malamai da yawa suna cewa sai rami ya kai ƙanƙantar zangon haske kafin a ga bajewa. Ni ma na sha faɗin haka, kuma gwajinmu ya ƙaryata ni: tsagar milimita 0.1 ta fi zangon lezar sau 150, amma ga bajewa ƙuru-ƙuru. Nisa ma yana cikin lissafin. Ninka zango da nisan bango, ka ɗauki tushensa, wato lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba ka shi. A ɗakinmu ya ba da milimita 1.4. Ramin da ya fi wannan girma sosai, zare ya ishe ka. Wanda ya kai haka ko ya gaza, sai igiya. Taga, ƙofa, gilashin tabarau duk sun ninka milimita 1.4 sau da yawa, shi ya sa mutum zai yi rayuwarsa duka bai taɓa zargin zare ba.

Misalin da ya shige su shi ne na ladan. Kana cikin gida kana jin kiran salla daga bayan katanga, amma ba ka ganin mai kiran. Sauti ma igiya ce, sai dai zangonta a muryar mutum yana kai mita guda, daidai da girman ƙofa da katanga, don haka tana kewaya su. Masu sauraron gajeren zango sun san mita 31 da mita 49 a jikin rediyo. Wannan tsawon zango ne, kuma rediyo da haske dangi ɗaya ne, bambancinsu tsawon nan kawai.

Iyakar nan tana da farashi a asibiti. Ernst Abbe ya nuna a Yena ta Jamus a 1873 cewa madubin likita mai aiki da haske ba ya rarrabe abin da ya gaza wajen mikron 0.2 (mikron dubu ke yin milimita guda), komai kyan gilashinsa. Ƙwayar jinin mutum mikron 7 zuwa 8 ce, shi ya sa mai awo yake ganin ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a cikinta. Ƙwayar cutar shan inna kuwa wajen mikron 0.03 ce, ba gilashin da zai nuna ta. A lissafin zare, ƙara gilashi kawai za ka yi ta yi har ka ga komai. Haka wayar gilashi da ke ɗauke da intanet: zanen littafi yana nuna haske yana karo da bango yana dawowa, irin abin da muka gani a robar ruwa. Zanen ya yi daidai da mai kaurin ciki mikron 50. Wadda ake ja tsakanin garuruwa cikinta wajen mikron 9 ne, a nan zanen karo da bango ba ya aiki, da lissafin igiya ake tsara ta.

Asabar, 8 ga Fabrairu 2025

Na ba su labarin da na fi so. A 1817 majalisar masana kimiyya ta birnin Paris ta sa gasa kan bajewar haske. Wani injiniyan hanyoyi da gadoji, Augustin Fresnel, ya kawo lissafin da ya ɗauki haske a matsayin igiya. Cikin alƙalan akwai Poisson, mai bin ra'ayin Newton cewa haske ƙwayoyi ne masu tafiya a miƙe. Poisson ya bi lissafin ya gano cewa in gaskiya ne, dole a sami ɗigon haske a tsakiyar inuwar abu kewayayye, ya ce wannan kaɗai ya isa a yi watsi da shi. Wani cikin alƙalan, Arago, ya je ya gwada da faifan ƙarfe na milimita 2. Ɗigon yana nan. Fresnel ya ci gasar a 1819, ɗigon kuma har yau da sunan wanda ya ce ba za a same shi ba ake yawan kiransa.

Mun gwada da tsabar dala biyar a liƙe a gilashi. Ba mu ga komai ba sai inuwa. Kuɗin ya yi girma, gefensa kuma duk ya sha duka a hannun mutane. Ɗigon yana bukatar gefe sumul, domin igiyoyin da suka kewayo ta kowane ɓangare su iso tsakiya a tare. Muka koma ga ƙwallon ƙarfe na cikin boris ɗin keke, amma gam ya taru a gefensa ya ɓata da'irar. Ana cikin haka batirin lezar ya mutu.

Asabar, 22 ga Fabrairu 2025

Ɗan mai walda ne ya zo da maganin gam. Ya ciro maganaɗisu daga tsohuwar lasifika, ya maƙala masa allura, ƙwallon mai milimita 4 ya rataye a tsinin allurar ba tare da komai ya taɓa gefensa ba. Mun sassauta ɗan gilashin bakin lezar har haskenta ya buɗe kamar tafin hannu a bango, muka rataye ƙwallon a tsakiyar ɗaki, mita ɗaya da rabi daga kowane gefe. Inuwar ta fito faɗin milimita 8, kamar yadda zare ya ce, da siraran zobba a kewayenta waɗanda bai ce ba.

Da ido tsirara mutum biyu suka ce sun ga wani abu a tsakiya, sauran suka ce son zuciya ne. Muka matso da farar takardar daga bango, muka kafa salula a bayanta a kan tubali, aka ɗauki hoto ba tare da kowa ya motsa ba. Da aka buɗe hoton aka faɗaɗa, ga jan ɗigo a tsakiyar baƙin, bai kai rabin milimita ba. Ɗan mai walda ya ce ƙila rami ne a takardar. Muka gusar da takardar, ɗigon bai bi ta ba. Muka gusar da ƙwallon, ya bi shi. Baba ya sa tabaransa ya duba salular, ya ce, "To, Malam, ta ina ya bi ya shiga?" Ƴar tela ta ce, "Ta ko'ina, Baba, ta gefe duka."

Azumi ya ƙarato, ga jarrabawar gwaji ta ƴan terminal, don haka mun dakata sai bayan salla. Abin da ke jira: tsofaffin faifan CD da DVD da muka tara, mu auna tazarar layukansu mu ga ko za mu sami mikron 1.6 da 0.74, koriyar leza mai nanomita 532 da wani abokin aiki ya yi alkawarin kawowa daga Yamai, don a sake gwajin reza da wani launi, da rufin kwano, wanda iskar makon nan ta sake buɗe wa ramuka huɗu. Mabuɗi yana wajen Baba. Ƙwallon da allurar suna cikin gwangwanin shayi a kan taga, kada mai shara ya zubar.